Masu Gida da Baƙonsu: Tunani a Kan Ranar Wasa a Filin Ƙofar Mata

Duk wanda ya taɓa zama a Kano, ko da bai damu da ƙwallon ƙafa ba, ya san kirarin nan da ake yi wa ƙungiyar Kano Pillars, wato "Sai Masu Gida". Ana rubuta shi a bayan a-daidaita-sahu, ana faɗarsa a teburin mai shayi, yara kuma suna tafe makaranta suna maimaita shi. Mun daɗe muna jin sa har ya zame mana jiki, ba mu cika tsayawa mu duba abin da ke cikinsa ba. To amma aikin marubuci ai tonon kalma ne. A harshen 'yan ƙwallo, in an ce masu gida to akwai baƙi a gefe, ɗaya ba ya tsayuwa sai da ɗaya. Abin da muke so mu tattauna da 'yan'uwa a wannan fitowa shi ne, wane haƙƙi ne baƙon da ya zo wasa yake da shi a kan dubban mutanen da suka cika fili domin su ga an lallasa shi? Kuma shin mutumin da ya sayi tikiti ya nemi wuri ya zauna, ɗan kallo ne kurum, ko kuwa yana da hannu a cikin abin da zai faru?

Bari mu fara da kai mai karatu wurin, domin mun san a cikinmu akwai waɗanda ba su taɓa leƙawa ba. Filin wasa na Sani Abacha yana Ƙofar Mata ne, ba nisa da tsohuwar marina. An buɗe shi a shekarar 1998, an buga gasar matasa ta duniya ta 'yan ƙasa da shekara 20 a cikinsa a 1999, da wasu wasannin Kofin Afirka a 2000, da kuma gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 a 2009. Ranar da Pillars za ta karɓi baƙo, yawanci da ƙarfe 4 na yamma ake take wasa, amma tun azahar hanya take fara cushewa. Ga masu rake, ga masu gyaɗa da awara da ruwan leda, ga masu sayar da riga da hula masu launin kore da rawaya, ga kuma yaran da ba su da ko sisi suna kewaya katanga ko Allah zai haɗa su da wanda zai riƙe hannunsu ya shige da su. In ka samu ka kutsa ta ƙofa, ka hau matakala, sai filin ya buɗe maka gaba ɗaya, ganguna da begila suna tashi ta wani ɓangare, mutane kuwa sai ka ce an yi ɓarin su. Masu hali suna ƙarƙashin rumfa, sauran jama'a suna cikin rana, amma ihun guda ɗaya ne.

Akwai alheri a wannan wuri, kuma ba mu tare da masu cewa duk abin shashanci ne. A garin da kowa ya san matsayinsa, da wuya ka samu inda ɗan kasuwar Kantin Kwari da bakanike da malamin makaranta da ɗan dako za su zauna kafaɗa da kafaɗa suna fatan abu ɗaya. In ƙwallo ta faɗa raga, za ka ga dattijo mai furfura ya rungume yaron da bai san ko sunansa ba. Mutanen Kano sun daɗe da wannan so, tun kafin a kafa Pillars a 1990, domin a 1978 ma ƙungiyar Raccah Rovers ta garin ce ta ci gasar ƙasa. Wanda ya raina wannan farin ciki bai san irin nauyin da talaka yake saukewa a cikin minti 90 ɗin nan ba.

To amma me mutum yake saye in ya miƙa kuɗinsa a bakin ƙofa? In an tambayi mafi yawanmu za mu ce nasara muka zo gani. Mu da muke rubutu ya kamata mu fi kowa gane cewa wannan amsa ba ta cika ba. Kowane marubuci ya san labarin da jaruminsa ba zai taɓa faɗuwa ba, ba ya riƙe mai karatu. Da an kai shafi na goma za a ajiye shi. Abin da ke sa mutum ya hana idonsa barci yana juya shafi shi ne fargabar cewa abin na iya ɓaci. Haka ƙwallo take. Da za a rubuta a jikin tikiti cewa masu gida za su ci biyu da nema ko ana ha-maza-ha-mata, da sati biyu ya isa filin ya koma kufai. Ashe ke nan abin da muke biya wa kuɗi shi ne rashin sanin yadda za ta kaya, kuma wanda yake kawo mana wannan haja shi ne baƙo. Ƙarfinsa, da yiwuwar ya ci mu a gaban 'ya'yanmu, su ne gishirin ranar.

Mu ɗauki misali daga tarihin ƙungiyar kanta. A shekarar 2009 Pillars ta fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar zakarun Afirka, alhali Al Ahly ce ke riƙe da kofin, kuma a lokacin ta ci shi sau 6. An yi kunnen doki a Nijeriya, aka je Alƙahira aka tashi 2 da 2, ƙwallayen da Pillars ta ci a waje suka tsallakar da ita. Har yau ana ba da wannan labari a majalisu. Me ya sa ya yi daɗi haka? Saboda wanda aka kayar ƙato ne, kuma a gidansa aka yi. A wannan rana mu ne baƙi. An bar yaranmu sun buga wasansu, alƙali ya busa ƙwallayensu, sun fito sun hau jirgi sun dawo gida da abin da suka samu. Duk wanda ya yi murna da wannan sakamako ya riga ya amince cewa baƙo yana da haƙƙin ya kunyata mai gida, ko ya sani ko bai sani ba.

A nan ne wani abin alfaharinmu yake buƙatar a sake dubansa. Daga shekarar 2003 har zuwa watan Agusta na 2015, lokacin da Nasarawa United ta zo ta ci 2 da 1, ba a taɓa doke Pillars a gida a wasan gasar ƙasa ba. Shekara 12 ke nan, wasanni fiye da 200. Ba mu musun cewa ƙungiyar tana da ƙarfi a wannan zamani, domin a cikinsa ne ta ɗauki kofin gasa sau 4, a 2008 da 2012 da 2013 da 2014. Abin da ya dame mu a matsayinmu na malamai shi ne abin da irin wannan tarihi yake koya wa yaro. Wanda aka fara kai shi fili yana ɗan shekara 6 a 2003, sai da ya kai 18 kafin ya ga yadda ake tashi daga wasa a gida hannu rabbana. Bai taɓa ganin yadda babansa zai kaɗe rigarsa ya ce yau ba ranarmu ba ce, su kama hanya su tafi. Irin wannan yaro ba ya ɗaukar nasarar gida a matsayin abin da ake nema a samu ko a rasa. Gado ce a wurinsa, wanda ya hana shi kuwa ɓarawo ne. Kuma ba Kano kaɗai ke da wannan ciwo ba. An daɗe ana yi wa gasar Nijeriya shaidar cewa cin wasa a waje ya fi haƙar rijiya wuya.

Sai tambayarmu ta biyu, ko ɗan kallo yana da hannu. A shekarar 2020, da annobar korona ta tilasta aka riƙa buga wasanni a Jamus da sauran ƙasashen Turai ba tare da 'yan kallo ba, masu nazari sun samu damar da ba su taɓa samu ba. Abin da suka gani shi ne rinjayen masu gida ya ragu, kuma bambancin da ake samu wajen yawan katin da alƙalai ke ba baƙi ya ja baya. Wato dai ihun jama'a yana da nauyi na zahiri, yana ƙara wa ɗan wasa ƙarfi, yana kuma danna hannun mai busa usur ko da shi bai lura ba. In haka ne a ƙasashen da alƙali ya tabbata zai koma gida lafiya, ina ga inda yake busa yana satar kallon ƙofar da zai fita ta ciki? Saboda haka mai zama a kan benci yana cikin wasan dumu-dumu, kuma duk wanda yake cikin abu akwai abin da ya halatta gare shi da wanda bai halatta ba. Kiɗa da kirari da zuga naka, har ma da yi wa baƙo ihu in ya ɗauki ƙwallo don ya rikice, duk makaman mai gida ne, baƙo ma ya san da su kafin ya taso. Iyakar tana wurin da muryarmu ta daina ce wa namu "ku ƙara himma", ta koma ce wa alƙali "ka san inda za ka kwana".

Abin mamaki shi ne waɗanda suke tsallake wannan iyaka ba wasu baƙin halittu ba ne. Mu da muke koyarwa a sakandare mun san su. Yaron da zai rusuna ya gaishe ka da safe, ba ya iya haɗa ido da kai, shi ne da yamma za ka hango a jikin waya yana ɗura wa wani magidanci ashar ta uwa ta uba. Tarbiyyarmu ta Hausawa ta dogara ƙwarai a kan kunya, ita kuwa kunya idon sani take buƙata. Yaro yana kama kansa a unguwa domin za a ce ɗan gidan wane ne. A cikin mutum dubu goma sha babu ɗan gidan kowa. Ko a aji muna ganin ƙaramin samfurin abin: malami ya juya yana rubutu a allo, wani ya yi fito, a juyo a tambaya, yara sittin su ce ba su ji ba. In aka matsa, sai wanda aka kama ya ce ai ba shi kaɗai ba ne. Wannan magana ta "ba ni kaɗai ba ne" ita ce babbar ƙaryar da taro yake yi wa mutum. Kowane dutse da ya sauka a kan gilashin mota hannu ɗaya ne ya ɗauke shi, mai hannun kuma yana da suna. Bahaushe ya ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, mukan kuma faɗi haka ne in ana maganar aikin gayya, amma jinkar ɓarna ma haka take. Mai jifa ba ya samun ƙarfin hali sai ya ga mutum ɗari a bayansa suna ihu, wasu dubu kuma sun zuba ido sun yi shiru.

Ba zato muke yi ba, abubuwa ne da suka faru a idon duniya. A watan Afrilu na 2022, ranar da Pillars ta dawo wasa a Kano bayan ta daɗe tana karɓar baƙinta a Kaduna, wasanta da Katsina United bai ƙare lafiya ba, aka farfasa motar baƙin. Katsinawa fa, maƙwabta, masu harshe ɗaya da mu, waɗanda muke auratayya da su. Hukumar gasa ta ci ƙungiyar tara, ta mayar da wasanninta Abuja, a ƙarshen wannan kaka kuma Pillars ta faɗa rukuni na biyu, sai a 2023 ta dawo. A watan Oktoba na 2025 aka sake. Shooting Stars ta Ibadan ta farke ƙwallo ana dab da tashi, aka tashi 1 da 1, sai wasu suka ɓalle suka shiga fili suka far wa alƙalai da baƙi. Aka ci tarar naira miliyan 9.5, aka zaftare maki 3, aka rufe filin. Ahmed Musa, wanda a wannan ƙungiya ya yi suna kafin ya tafi Turai, kuma a shekarar aka naɗa shi babban manajanta, shi ya fito yana ba jama'a haƙuri. A lura, ba cin mu aka yi ba a ranar, canjaras aka yi.

Mun san amsar da za a ba mu, domin mun sha jin ta a ɗakin malamai. Za a ce, Malam, kai ba ka san abin da ake yi mana in mun je waje ba. A can ma dukan namu ake yi, ana ƙirƙiro fenareti a minti na 95, wasu alƙalan kuma da kuɗi a aljihu suke shiga fili. Ba mu raina wannan ƙorafi ba. Zargin sayen alƙalai ya daɗe yana bin gasarmu, kuma mutumin da ya ga an yi masa fashi da rana tsaka, ya tabbata babu inda zai kai ƙara a saurare shi, dole zuciyarsa ta tafasa. Laifin hukumomin da suka bar abin ya kai haka yana nan a wuyansu. Amma mu bi maganar zuwa ƙarshenta. In aka doki alƙali yau, gobe wane irin alƙali za a samu? Ba mai adalci za a samu ba, matsoraci za a samu. Mai gaskiyar cikinsu, wanda yake da wata sana'a, zai ajiye usur ya koma gida. Matsoracin kuwa zai ba mu fenaretinmu a Kano, ya je Aba ko Jos ya ba su nasu, domin tsoro bai san launin riga ba. A ƙarshe kowa ya ci a gidansa, kowa ya sha kashi a waje, teburin gasa ya zama lissafin wanda ya fi iya razana mutane. Wanda ya ɗaga kofi a irin wannan gasa, me ya ci?

Ita kuma maganar cewa haka ake yi mana a waje, ai ita ce ta fi nuna inda muka baro al'adarmu. Da muka ce baƙonka annabinka, ba mu sa sharaɗin sai in shi ma ya taɓa saukar mu da kyau ba. In karamci ya zama sai an yi maka za ka yi, ya tashi daga karamci ya koma bashi. Kuma mu tuna yadda baƙon nan yake isowa. Ƙungiyoyinmu a mota suke ratsa ƙasar nan, wani lokaci kwana biyu a hanya. A watan Maris na 2015 'yan fashi sun buɗe wa motar Pillars wuta a hanyar Abuja zuwa Lokoja, suna tafiya Owerri wasa, 'yan wasa 5 suka ji rauni, ciki har da Gambo Muhammad. Duk Kano ta girgiza a ranar. To yaran Ibadan ko na Uyo da suke sauka a Ƙofar Mata irin wannan hanya suka biyo, su ma da iyayen da suke zaune da waya a hannu suna jiran su ji an isa lafiya.

Kada a fahimce mu da cewa girmama baƙo shi ne a sassauta masa a cikin fili. Wannan ma raini ne. Girmansa shi ne a fito masa da dukkan ƙarfi. Abin da yake bin mu bai da yawa: wurin da zai sauya kaya cikin natsuwa, alƙalin da ba a razana ba, hanyar fita lafiya, da makinsa 3 in ya ci. Na ƙarshen nan shi ne mai ɗaci, shi ne kuma ainihin jarrabawar. Ba baƙon abu ba ne a wurinmu. A gidan dambe ana kashe shahararren ɗan wasa a gaban makaɗinsa da mutanen ɓangarensa, a yi sowa, a yi wa wanda ya yi kisan kari, wanda aka kayar ya tashi ya kaɗe jikinsa ya jira wata rana. A Nijar, tun 1975 ake gasar kokawa ta takobi, ana zagayawa da ita jiha jiha, kuma sau da yawa masu masauki suna ji suna gani baƙo yake saɓa takobin ya tafi da shi garinsu. Ba mu ce ba a taɓa hayaniya a waɗannan wurare ba, amma dai faɗuwa a gida ba ta zama abin da ba a san da shi ba.

Wanda yake ganin mun cika tsananta magana a kan jifan ruwan leda, ya tuna da birnin Accra. Ranar 9 ga Mayu 2001, Hearts of Oak ta ci Asante Kotoko 2 da 1 da ƙwallaye biyu na ƙarshen wasa. Wasu magoya baya da suka fusata suka fara ɓalle kujeru suna jefawa fili, 'yan sanda suka harba barkonon tsohuwa, jama'a suka ruga ƙofofi suka tarar da su a rufe. Mutum 126 suka mutu, da yawansu matasa ne daga unguwanni irin su Nima inda 'yan'uwanmu suke zaune. Turmutsitsi ba ya tambayar wa ya yi jifa. A Port Said ta Masar kuwa, ranar 1 ga Fabrairu 2012, mutum 74 aka kashe bayan da magoya bayan Al Masry suka afka wa na Al Ahly. Masu gida ne suka ci wasan, 3 da 1. Wannan kaɗai ya isa ya sa mu yi shakkar cewa zafin rashin nasara ne yake kawo ta'asa. Bayan haka Masarawa sun shafe shekaru ana buga gasarsu a filayen da babu kowa.

Mu marubuta kuma da abin da ya shafe mu. Mun cika littattafanmu da falo da harabar jami'a da ɗakin amarya, amma wurin da dubban matasanmu suke zuwa suna nuna ainihin halinsu, mai kyau da maras kyau, da wuya ka gan shi a shafi. Ga alƙali zaune a ɗaki lokacin hutun rabin lokaci, yana jin ginin yana girgiza a kansa, yana tunanin 'ya'yansa da kuma ƙwallon da ya san ta shiga. Ga dattijon da ya riƙe hannun yaron da ya sunkuya zai ɗauki dutse, ba tare da ya san ɗan wane ne ba. Irin wannan dattijo yana nan a kowane wasa, mun sha ganin sa, sai dai babu mai ɗaukar hotonsa. Masu neman jigon gajeren labari ga shi nan a zube.

Da aka rufe filin a 2025, garin da aka tura Pillars ta riƙa karɓar baƙinta shi ne Katsina, a filin Muhammadu Dikko, wato gidan mutanen da aka farfasa wa mota shekara 3 kafin nan. Masu gida suka wayi gari suna neman masauki. Waɗanda suka shiga fili suka yi dukan ba su suka biya miliyan 9.5 ba. Mai rake da mai awara da suka saba tashi da ciniki duk ranar wasa suka nemi wata kasuwa, ɗalibanmu kuma da suke tara kuɗin tara na sati biyu domin tikiti suka tarar wasan ya koma nisan kusan kilomita 170, sai dai su kewaye rediyo.